Fanka, Peltier ko farantin alminiyom: wanne ya dace da akwatin ƙwaƙwalwar jirgi mara matuƙi a zafin Saudiyya?

Da zarar watan Mayu ya kama a ƙasar nan, duk mai haɗa jirgi mara matuƙi da hannunsa zai fara taɓa murfin akwatin ƙwaƙwalwar jirginsa, wato allon lantarkin da ke tuƙa jirgin, yana janye yatsa. Daga nan tambaya ke tasowa, kuma kusan siga ɗaya take zuwa daga 'yan'uwanmu masu wannan sana'a, ko ɗalibai ne a Zahran da Jidda, ko masu awon filaye da duba gonakin dabino a Ƙasim da Ahsa: in sa fanka da tamostat (na'urar da ke kunna ta da kashe ta gwargwadon zafi) ne, ko in sa Peltier (ɗan faranti mai sanyaya abu da wutar lantarki) in huta gaba ɗaya?

Amsata a taƙaice ita ce yawancin jirage ba sa buƙatar ko ɗaya daga cikin biyun a kan ƙwaƙwalwar kanta. Waɗanda ke buƙata kuma, fankar ta fi amfani a wajen akwatin fiye da cikinsa. Amma tunda kuɗi da jirgi za a saka a ciki, gara a bi dalilan ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ƙwaƙwalwar ke nema

A cikin ƙwaƙwalwar jirgi akwai 'yan ƙananan na'urori masu jin juyi da motsi, waɗanda ake haɗa su a kira IMU. Su ke gaya wa jirgi ya karkata ko yana tsaye daidai. Irin su ICM-42688-P an yi su ne su yi aiki daga digiri 40 ƙasa da sifili har zuwa digiri 85, don haka digiri 55 ba ya ƙona su. Abin da ke ɓata musu aiki shi ne zafin ya riƙa hawa yana sauka. Duk lokacin da ya sauya, karatunsu yana ɗan zamewa, sai jirgi ya ɗauka ya karkata alhali yana daidai, ko ya riƙa jan gefe a hankali.

Saboda haka ne masu ƙera ƙwaƙwalwar jirgi irin su Cube Orange da Pixhawk na zamani suka sa wa IMU ɗin hita. Da gangan ake ɗumama shi a tsayar da shi wuri ɗaya. A ArduPilot, manhajar da ke tuƙa jirgin, saitin BRD_HEAT_TARG ne ke riƙe da wannan, kuma a kan Cube yakan zo a digiri 45. A manhajar PX4 kuma sunansa SENS_IMU_TEMP, yana zuwa a 55. Wato akwai tamostat a cikin allon tun daga masana'anta, sai dai hannu ɗaya gare shi: yana iya ƙara zafi, ba ya iya ragewa.

Digiri 45 adadi ne mai kyau ga wanda ke tashi a Turai ko Ostareliya da sanyin safiya. A nan kuwa iskar waje kanta tana kai 45 a Riyad da Ahsa a watan Yuli. An auna digiri 52 a Jidda a Yunin 2010, an kuma auna 51.8 a Masallacin Harami lokacin Hajjin 2024. Idan iskar waje ta wuce inda aka ce hita ta tsaya, hita ta zama 'yar kallo, zafin IMU yana bin rana da iska yadda suka ga dama. Gyara na farko kuma mafi araha shi ne a ɗaga saitin zuwa 55, a sake daidaita na'urar jin motsin bayan allon ya ɗumama ya tsaya, in da hali a yi daidaitawar zafi da ArduPilot ta ƙaro tun sigar 4.1, wadda saitukanta ke farawa da INS_TCAL. Ko riyal ɗaya ba a kashe ba. Sharaɗi guda: duba takardar allonka ka ga iyakar da mai ƙera shi ya rubuta, domin ba duka suke ɗaya ba.

Daga ina zafin yake shigowa?

Ƙwaƙwalwar jirgi ita kaɗai wat ɗaya zuwa uku take ci. Yanzu kwatanta da rana. Da tsakar rana hasken da ke sauka yana kai wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Murfin akwati mai santimita 10 da 15 yana karɓar wat 15 ke nan. In baƙi ne, kusan wat 13 zai shanye. In fari ne, abin da zai shiga bai fi huɗu ko biyar ba. Ga shi kuwa yawancin akwatunan da ake bugawa da injin 3D baƙaƙe ne, don baƙi ya fi kyau a hoto. Gwangwanin farin fenti yana cire wat takwas ko tara daga lissafi, ba nauyi, ba waya, ba abin da zai lalace a sama.

Bayan rana sai maƙwabta: na'urar aika bidiyo, mai rage wutar batir zuwa 5V, rediyon sadarwa, da ƙaramar kwamfuta in akwai. Raspberry Pi 4 tana iya cin wat shida ko bakwai in aiki ya yi yawa, Jetson Orin Nano kuma daga bakwai zuwa 25. Su ne ke dafa akwati, ƙwaƙwalwar tana shan zafin da ba nata ba.

Sai lokaci. A sama farfela na tura iska, jirgi na tafiya, komai na hucewa. Mafi munin minti goma a rayuwar akwatin su ne na ƙasa: an jona batir, ana jiran GPS ya kama, ana loda taswirar aiki, jirgi na zaune a kan kwalta ko yashi mai zafi, iska ba ta motsi. Lema ko inuwar mota a wannan lokacin ta fi kowace na'urar da zan ambata a ƙasa. Kuma daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, don haka wanda ke aiki da kamfani dole ma da safe ko bayan la'asar zai tashi. Kar ka ƙera sanyaya don awannin da ba za a bar ka ka yi aiki a cikinsu ba.

Zaɓi na farko: babu fanka, sai alminiyom

A nan ana manna abin da ke zafi a jikin farantin alminiyom ta hanyar tabarmar roba mai ɗaukar zafi, farantin kuma ya zama bango ko gindin akwati, haƙoransa suna waje inda iskar farfela ke wucewa. Alminiyom yana wuce da zafi fiye da robar bugawa kusan sau dubu. Ba ya cin wuta, ba ya girgiza, ƙura ba ta shiga.

Illarsa uku ce. Yana da nauyi in aka yi ganganci da kauri. Yana tare siginar rediyo da GPS, don haka duk eriya sai ta fito waje. Kuma a ƙasa, in farfela ba ta juyawa, aikinsa rabi ne. Ka kuma lura kada ka matse ƙwaƙwalwar kanta a jikin farantin in allonka na zaune a kan soso ko robar hana girgiza. Ka kashe maganin girgiza don neman sanyi, an gudu ba a tsira ba. Farantin na mai rage wuta ne da na'urar bidiyo da kwamfuta.

Sauran jikin akwatin ma abin dubawa ne. Robar PLA tana fara laushi wajen digiri 60, abin da but ɗin mota ke wucewa cikin sauƙi a Riyad. Akwati ya lanƙwashe kaɗan, ƙwaƙwalwa ta karkace da shi, daidaitawarka ta tashi a banza. PETG tana kai wajen 80, ASA kuma wajen 100 kuma tana jure hasken rana. A ƙasar nan ASA fara ita ce abin bugawa.

Wani kuskuren da rufaffen akwati ke jawowa: a like shi ruf don ƙura. Baromita, na'urar da ke auna tsayi da nauyin iska, tana buƙatar iskar waje. A akwatin da ba ya numfashi, ƙarin digiri ɗaya kacal yana ƙara matsi da kusan hektopaskal uku, kowane ɗaya kuwa daidai yake da mita takwas. Jirgi na zaune a ƙasa zai ce ya nutse mita 25. Dole a bar ƙaramin rami, a rufe shi da fatar nan mai barin iska ta hana ruwa da ƙura, irin ta Gore, ko aƙalla soso mai ramuka.

Zaɓi na biyu: fanka mai kunnawa da kashewa

Wannan ne abin da yawancin mutane ke nufi in sun ce tamostat, kuma iri biyu ake samu a kasuwa.

Na farko KSD9700, ɗan ƙarfe kamar ƙwayar wake mai wayoyi biyu. A cikinsa akwai ƙarafa biyu da aka manne, zafi ya lanƙwasa su su haɗa wuta. Nauyinsa bai taka kara ya karya ba, ba ya buƙatar wutar kansa, ba manhaja. Ana sayar da shi da adadin zafinsa a rubuce, 45, 50, 55 da sauransu, kuma kala biyu ne: mai zama a buɗe sai zafi ya rufe shi, da mai zama a rufe sai zafi ya buɗe shi. Na fanka shi ne na farkon, mai alamar NO. Mutane da yawa na sayo ɗayan su dawo suna cewa fanka na mutuwa daidai lokacin da ake buƙatarta. Raunin wannan ɗan ƙarfe shi ne rashin daidaito. Wanda aka rubuta 50 yana iya kamawa a 45 ko a 55, kuma ba ya sakewa sai zafi ya sauka da digiri 10 zuwa 15. A kan farantin kwamfuta wannan ba komai. A ɗakin IMU kuwa ka ƙirƙiri ainihin hawa da saukar da ake gudu.

Na biyu W1209, allon nan mai jan lambobi da masu injin ƙyanƙyasar ƙwai suka fi sani. Yana cin 12V, yana da 'yar wayar auna zafi, ana iya saita inda zai kunna da tazarar da zai bari kafin ya kashe, wadda ke zuwa a digiri biyu. Ya fi KSD9700 daidaito nesa ba kusa ba, kuma a kan tebur abin sha'awa ne. Amma rile yake amfani da shi, wato ƙarfe mai motsi da maganaɗisu. Girgizar jirgi na iya sa bakinsa ya riƙa tsalle, kuma duk kamawa da sakinsa yana jefa ƙazanta a layin wuta. An yi shi don abin da ke zaune a ɗaki. Ni a warsha, wato wurin aikina, nake barinsa, in gwada akwati da shi, ba na ɗora shi a jirgi.

Ko wanne ka ɗauka, akwai gaskiyar da tamostat ba ta canzawa: fanka ba ta sanyaya abu ƙasa da iskar da take jawowa. In ka sayi mai kamawa a 40 kana aiki a Buraida a watan Agusta, fanka za ta kunna tun kafin ka jona GPS kuma ba za ta mutu ba sai ka cire batir. Ka biya kuɗin tamostat ka samu waya miƙaƙƙiya. Dole adadin kamawa ya haura zafin garinku da aƙalla digiri takwas ko goma, in ba haka ba babu amfaninsa.

Sannan fanka a cikin akwati tana zuwa da baƙi uku da ba a gayyata ba.

Na ɗaya matsin iska. Ƙaramar fanka mai milimita 40 tana iya ƙara matsi a akwati da paskal 10 zuwa 20, paskal 12 kuwa mita ɗaya ne a idon baromita. Fankar da ke juyi kullum da gudu ɗaya da sauƙi, domin kuskuren yana tsaye kuma an lissafa da shi tun a ƙasa. Wadda ke kunnuwa farat ɗaya a sama ita ce matsala: jirgi yana tsaye a mita uku saman dabino, tamostat ta kama, baromita ta ce an sauka da mita ɗaya, jirgi ya yunƙura sama, ta saki, ya dawo ƙasa. A mita 100 ba wanda zai kula. Kusa da reshe ko allon sola kuwa magana ta canza.

Na biyu maganaɗisu. Kowace fanka tana da shi a cibiyarta, kuma kamfas ɗin cikin allon yana jin sa. In kamfas ɗinka na waje ne, a kan sandar GPS, ka kashe na ciki ka huta. In ba haka ba sai ka nisanta fankar gwargwadon iko.

Na uku ƙura, kuma a Najad da gabas wannan ne babba. Lokacin iskar shamal a Yuni da Yuli ƙurar tana da laushi kamar gari, ga kuma wadda farfelarka ke tayarwa duk tashi da sauka, daidai lokacin da fanka ke zuƙa da ƙarfi. Ka sa matata, iska ta ragu sosai, matatar kuma ta toshe cikin 'yan kwanaki. Ka cire ta, ƙura ta kwanta a kan allo da cikin ramin baromita da bakin soket. A bakin teku ƙurar na ɗauke da gishiri, ta haɗu da laima ta fara cin dalma.

Girgiza ma tana nan: fanka mai juyi 5,000 a minti tana kaɗawa wajen sau 83 a daƙiƙa, kusa da inda motocin jirgi ke tasu, kuma in ƙura ta taru a reshe ɗaya abin yana ƙaruwa. A ɗaure ta da ƙusoshin roba, a jikin firam, ba a kan farantin da ƙwaƙwalwa ke zaune ba. Wutarta kuma ta fito daga mai rage wuta na daban. Fankar da ta cije da yashi tana jan wuta fiye da ƙa'ida, ba kuwa a son ta ja ƙwaƙwalwar jirgi su faɗi tare.

Zaɓi na uku: fanka mai ƙara gudu a hankali

Fanka mai wayoyi huɗu tana karɓar umarnin PWM, wato siginar da ke gaya mata gudun da za ta yi, don haka maimakon kunnawa da kashewa sai ta riƙa hawa sannu-sannu gwargwadon zafi. Waya ta huɗu ita ke karɓar umarnin, ta uku kuma tana dawo da rahoton gudun juyi, abin da ke ba ka damar sanin ta tsaya kafin wani abu ya ƙone. Ana iya tuƙa ta da ƙaramin guntu irin EMC2101, ko da allon Arduino, ko daga ƙwaƙwalwar jirgin da 'yar rubutacciyar manhajar Lua a ArduPilot wadda ke karanta zafi. Ka dai tuna cewa irin waɗannan fankoki siginar kilohaz 25 aka tsara musu, ba irin wadda ake aika wa servo (ƙaramin injin da ke juya sassan jirgi) ba, don haka sai an duba ko mafitar da ka zaɓa za ta iya.

Mai Raspberry Pi 5 an riga an yi masa wannan aikin. Fankarta tana tashi da kashi 30 a digiri 50, kashi 50 a 60, kashi 70 a 67.5, ta cika gudu a 75, tana kuma barin tazarar digiri biyar kafin ta rage. Kwamfutar kanta tana fara rage ƙarfin aikinta a digiri 80. A nan ƙasar fankar za ta kasance a kunne kusan kullum da rani, wanda ba laifi ba ne.

Wannan hanya ta fi ta biyu ta kowace fuska sai wahala. Matsin iska yana canzawa a hankali, zafi ba ya tsalle, ƙura na raguwa don fanka ba ta cika gudu sai da dalili. Farashinta shi ne ƙarin wayoyi da manhajar da za ta iya samun kuskure. Ƙa'ida guda ba a sassauta ta: in na'urar auna zafi ta cire ko manhaja ta tsaya, fanka ta tafi cikakken gudu. Yawancin fankoki masu wayoyi huɗu haka suke yi da kansu in siginar ta yanke, amma ka zare wayar a kan tebur ka gani da idonka.

Zaɓi na huɗu: Peltier

Peltier ita kaɗai ce a jerin nan ke iya sauke zafi ƙasa da na iskar waje, shi ya sa take jan hankali. Bafaranshe Jean Peltier ne ya gano ƙa'idarta a 1834: wuta ta bi ta mahaɗar abubuwa biyu mabambanta, gefe ɗaya ya yi sanyi ɗayan ya yi zafi. Wadda ta cika kasuwa ita ce TEC1-12706, fara mai milimita 40 da 40.

Yi lissafin batir tukuna. A 12V tana jan wat 50 zuwa 60. Batir 6S mai 5,000mAh yana ɗauke da awar-wat 111. Tashin minti 20 da Peltier a kunne ya cinye kusan kashi ɗaya cikin shida na batirin, don a sanyaya allon da ke cin wat biyu. Kuma duk wutar da ta ci tana fitowa a matsayin zafi a ɗaya gefen, haɗe da wanda ta kwaso, don haka sai an ɗora mata babban faranti da fanka irin na kwamfutar tebur, ɗaruruwan giram. Wannan nauyin motoci ne za su ɗauka, a iskar da ta riga ta yi sirara: a digiri 45 iska ta fi ta digiri 15 rashin kauri da kusan kashi 10 cikin 100, motoci na wahala tun kafin a ƙara musu kaya.

Haɗa ta da tamostat mai kunnawa da kashewa yana ƙara dagula lamarin. Da an kashe ta sai ta zama gada, zafin da ke tare a farantin waje ya komo ciki ta jikinta. Yawan ɗumama da hucewa kuma yana tsattsage mahaɗun cikinta. Ga hitar IMU a gefe tana ƙoƙarin mayar da zafin da Peltier ke kwashewa, batir ɗaya na biyan su biyun.

Babban haɗarinta raɓa ce. Duk mai gilashin ido a Jidda ko Damam ya san abin da ke faruwa in ya fito daga mota mai mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, a watan Agusta. Haka allon lantarki ke jiƙewa in ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi. A Zahran an taɓa auna laimar da raɓa ke sauka a digiri 35, ranar 8 ga Yulin 2003. A irin wannan rana duk abin da ka sanyaya zuwa 30 zai yi gumi. Wannan gargaɗin ya shafi har wanda bai sa Peltier ba: jirgin da ya kwana a ɗaki mai sanyi, a bar shi ya ɗan sha iskar waje a inuwa kafin a jona batir.

Inda Peltier ke da amfani shi ne ƙasa, a akwatin ajiye batura cikin mota, inda nauyi da wuta ba damuwa ba ne. Batirin LiPo bai kamata ya wuce digiri 60 ba, kuma shi ne ya fi ƙwaƙwalwa saurin lalacewa da zafi.

Akwai wata dabara da ba a cika ambata ba, ta kakin kyandir. Kowane giram yana shanye kusan jul 200 yayin narkewa, don haka giram 50 a rufaffen gwangwanin alminiyom zai riƙe wat biyar na kusan rabin awa ba tare da zafi ya haura ba. Sai dai dole a samu mai narkewa sama da zafin gari, kuma sai ya sake daskarewa kafin tashi na gaba. Mai tashi sau ɗaya da safe zai more ta. Mai canza batir ya koma sama nan take ba za ta yi masa ba.

To wanne za ka ɗauka?

In jirginka ƙwaƙwalwa ce kawai da GPS da rediyo, bar fanka. Farin akwatin ASA, ramin numfashi, mai rage wuta a waje ko a jikin faranti, saitin hita a 55, da lema a mota.

In akwai kwamfuta ko na'urar bidiyo mai ƙarfi, raba akwatin gida biyu da bango. Ƙwaƙwalwa da baromita a ɗaki mai shiru, masu zafi a ɗayan. Sannan ka haɗa zaɓi na farko da na uku: masu zafin su jingina da faranti, haƙoran farantin su leƙa waje, fanka ta zauna a waje tana hura haƙoran. Iskar fanka ba ta shiga akwati ko kaɗan, don haka maganar ƙura da gishiri da matsin baromita ta faɗi lokaci guda, fankar kuma ta cike giɓin mintunan jira a ƙasa. In ta cije da yashi, canjinta aikin minti biyar ne. A wannan tsarin ko KSD9700 mai 55 da aka manna a jikin farantin ya wadatar ga wanda ba ya son rubuta manhaja, tunda tsallen zafinsa ba ya isa ɗakin IMU. Ga masu aikin feshi a gonaki da masu duba allunan sola irin na Sakaka, wannan nake ba da shawara ba tare da jinkiri ba.

Gari ma yana da ta cewa. A Abha, sama da mita 2,000, zafi ba shi ne damuwa ba, siraran iska ce. A Tabuk da Jauf hunturu na kusantar sifili, kuma a can ne tamostat ke biyan kuɗinta da gaske, domin fankar da ke juyi kullum za ta hana hita kai wa inda aka saita, ArduPilot kuwa tana ƙin tayar da motoci in zafin IMU ya yi ƙasa da saitin sosai. Wanda ya ɗaga zuwa 55 don rani zai daɗe yana jira da asubar Janairu. Ka ajiye saiti biyu, na rani da na hunturu, kowanne da daidaitawarsa.

Mai jirgin kamfanin DJI kada ya buɗe shi ya ƙara komai. Takardarsa ta faɗi iyaka: Mavic 3 digiri 40, Matrice 350 RTK digiri 50. Maganinsa zaɓen lokaci da inuwa. Kuma kowane irin jirgi ne, rajista da izinin GACA, hukumar kula da jiragen sama ta Saudiyya, suna gaba da duk wannan, musamman ga mu baƙi masu iƙama.

Kafin ka sayi komai, cire farfela, ajiye jirgin a rana da hantsi, jona batir ka bar shi kwata ɗaya, sannan ka buɗe rikodinsa a manhajar Mission Planner a kwamfuta. Duba zafin IMU da na baromita, da layin HEAT wanda ke nuna ko hita na aiki ko ta sallama. In hita na ɗan kamawa, zafi kuma ya kwanta a layi ɗaya, akwatinka lafiya lau. In ka riga ka sa fanka, kunna ta ka kashe da hannu kana kallon tsayi da kamfas a allon kwamfuta, murfi a rufe kamar yadda zai tashi. Tsayin da ya yi tsalle fiye da rabin mita yana nufin iskar fanka na kaiwa ga baromita, sai a ƙara soso ko a mayar da fankar waje. Na'urar auna zafin tamostat kuma a manna ta a jikin abin da ya fi zafi, a rufe bayanta da ɗan soso, don in tana reto a gaban fanka iskar za ta riƙa aunawa, ta kashe fankar alhali kwamfutar na nan da zafinta.